Garayar Baba Jatau a Ankara

Tun da na dawo 'yan majalisarmu ta bakin tasha suka hana ni sakat. In na zauna wajen mai shayi, tambaya. In na je ɗaura sifika gidan biki, tambaya. Sani Direba kuwa, da ya fi kowa baki a Rano, shi ke yaɗa wai Turkiyya na je na yi kiɗa mutane suna ta sharar barci. To bari in faɗa sau ɗaya kowa ya huta. Ankarar da na je ta ƙasar Gana ce, wadda 'yan boko ke ce wa Akra. A mota na je, a mota na dawo, ƙuguna shaida ne. Kuma ba wanda ya yi barci.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Habu, amma in ba ka ce Habu Sifika ba, ba mai nuna maka shagona. Hayar kayan sauti nake bayarwa, biki, suna, wa'azi, taron siyasa. Sana'ar tamu dokarta ɗaya ce: kada ka bari sifika ta yi kuka. Ƙarar nan mai tsini da ke huda kunne idan makirfo ya matsa kusa da sifika, in ta fito a gidan biki, ka shiga uku, sai an daɗe ana yi da kai a gari.

Dalilin tafiyar kuwa Baba Jatau ne, makaɗin garaya na Nariya, can ƙasar Kibiya. A da mafarauta ba sa fita daji sai ya kaɗa musu. Ina yaro nakan gudu daga aike ranar kasuwar Kibiya don in tsaya a bayansa, har ya gaji da korata ya koya mini kiɗa ɗaya tak, na fitar farauta. Da ya tsufa duniya ta juya masa baya. Masu biki irina suke nema, mai sifika, wasu kuma su ce ai garaya kiɗan da ne, na 'yan daji. Wata rana na ɗauke shi a wayata a gindin tsamiyar ƙofar gidansa. A kan garayar akwai wani ɗan faifan ƙarfe mai ƙananan zobba da ke zuza duk lokacin da aka taɓa tsirkiya. Na ce ya cire shi don sautin ya fita fes. Ya harare ni ya ce, “Garaya ba ƙarfe ai miya ce ba daddawa.” Haka na ɗauka, da zuzar, da tarinsa, da ƙarar injin niƙa na maƙwabta, na sa a intanet.

An jima sai ga saƙo daga wata mata mai suna Memuna, 'yar Zangon Ankara, wai kiɗan na'ura take yi kuma tana son Baba ya zo taronsu. Ta kira ta bidiyo suka yi hira da shi. Allah sarki tsoho! Ya sa aka ɗinka masa sabuwar riga. Ya riƙa faɗa a kasuwar Kibiya cewa mutanen bakin teku sun ji shi sun aiko, ana ta yi masa dariya, ana cewa, “Baba, kai da ko Rano an daina gayyatarka?” Ana cikin girbin gero Allah ya karɓi abinsa. Na je zaman makoki na tarar tabarmin da aka shimfiɗa ko cika ba su yi ba. Mutumin da ya kaɗa wa rabin ƙasar nan! Na koma bayan gida na yi kuka, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Da na sanar da Memuna a waya, ta ce to ni in zo, in taho da garayar. Na hau babur na nufi Nariya wurin matar marigayi, Iya Tabawa, tana cikin takaba. Ta saurare ni daga bakin ɗaki, ta shiga, ta fito da garayar a cikin wani tsohon buhun gyaɗa, ta ɗaure bakinsa da igiya.

“Habu, an yi wa Malam dariya yana da rai,” in ji ta. “Ba na son a yi masa yana kabari. In ka ga mutanen nan abin dariya suke nema, kada ka fito da ita daga buhun nan. Ka dawo mini da ita yadda na ba ka.”

Na ce, “Iya, na ɗauki alkawari.”

Daga Rano ta Bunkure zuwa Kano ba labari, sai Sani Direba da ya yi ta tambayata ko a jirgi ana barin mutum ya shiga da buhu. Daga Kano na hau doguwar bas ta Legas. Yaran mota suka so su jefa buhun ƙasa cikin kaya tare da albasa, na ce sai dai a jefa ni da shi. Haka na rungume shi a cinya har Legas, duk ramin da muka faɗa sai zobban ƙarfen su yi ƙara daga ciki, wanda ke kusa da ni ya riƙa matsawa yana karanta addu'a.

A tashar motar Gana na haɗu da Hajiya Balaraba, 'yar Fagge, mai fataucin turare da atamfa, wadda ta san hanyar nan kamar tsakar gidanta. Mace ce mai jiki da haƙorin Makka, kuma ba ta iya magana a hankali ba. Ta dube ni, ta dubi buhun.

“Kai ɗan nan, daga wane ƙauye?”

“Rano, Hajiya. Kuma Rano ba ƙauye ba ce.”

“Oho dai. Ina katin allurarka, ruwan ɗorawan?”

Na lalube aljihu, na lalube jaka, gumi ya keto mini. Ashe yana cikin hulata, inda na ɓoye shi da kaina don kada ya ɓata. Tun daga nan ta ɗauke ni ɗan riƙo, ta ce in zauna kusa da ita kada a sayar da ni a hanya.

Iyaka uku muka ƙetara, kowace da layinta da hatiminta. A ta farko wani ma'aikaci ya ga sandar garayar ta tokare buhu, ya ja da baya ya ce in zazzage. To ga alkawarin Iya. Na kwance igiyar na leƙo masa da kan kawai, zobban suka yi caccaka. Ya tambaya da Faransanci, na amsa da Hausa, ba wanda ya ji wani. Sai Hajiya ta shigo tsakani da wani irin Faransanci na kasuwa, tana kwatanta kaɗa tsirkiya a kan cikinta. Mutumin ya yi murmushi ya ɗaga hannu mu wuce. Na tambaye ta me ta ce masa.

“Cewa na yi kai maroƙina ne, kana yi mini kirari a hanya. To fara.”

A Kwatano na ga 'yan acaɓa, yawansu ya fi na Kano a da, kowa da riga ruwan ɗorawa, har mata na tuƙa babur da goyo a baya ba mai kallonsu. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, ga tauri, sai da na tsoma a shayi ya yarda ya tauno. A Lome na fara ganin teku. Na yi ta kallo ina neman ɗaya gaɓar, Hajiya ta ce in rufe bakina kada ƙuda ya shiga.

Ranar Asabar da hantsi muka shiga Ankara. Layin wayata ya mutu tun a iyakar farko. Hajiya ta sa aka sauke ni a bakin unguwar da Memuna ta kwatanta, ta nuna mini shagon da take sauka, ta wuce. Abin da na riƙe daga kwatancen shi ne, in na shiga layin zan ji sauti, nan ne wurin. Ai kuwa ban yi nisa ba na ji kiɗa na girgiza ƙasa. Rumfuna, kujeru, mutane maƙil cikin tufafi ja da baƙi, mata na rawa da hankici, ga sifiku jibga-jibga an jera kamar buhunan masara. Na ce a raina, lalle Baba ya yi gaskiya, wannan taro ai na manya ne.

Aka kama hannuna aka bi da ni layi ina gaisawa da mutane, aka ba ni kujera da lemo mai sanyi. Can gaba ga wani ƙaton hoto na wani dattijo yana murmushi. Na ce to wannan shi ne babban mawaƙinsu. Na tashi na zaga na duba sifikun, na jinjina wa mai su. Har na ɗan taka rawa da buhuna a kafaɗa, kada a ce mutanen Rano ba su da fara'a. Sannan na nufi wata dattijuwa da na ga kowa na zuwa wurinta, na harhaɗa ɗan Turancina na taya ta murna, na ce Allah ya maimaita mana. Ta bi ni da kallo.

Wani mai tsire a gefe, Bazabarme, ya ji ina Hausa da kaina. Ya yafuto ni.

“Malam, ka san mamacin ne?”

“Wane mamaci?”

“Mai hoton. Yau aka binne shi. Waccan da ka gaisar matarsa ce.”

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ashe su haka suke makoki, da kiɗa da rawa da lemo, wai ana raka mutum da murna in ya tsufa ya bar zuriya. Na ajiye kwalbar a hankali na sulale. Mai tsiren ne ya nuna mini wurin Memuna, wani tsohon sito a ƙarshen layin da ko allo babu a ƙofarsa.

Ina tura ƙofar abin da ya fara dukan kunnena shi ne kukan sifika. Ba ƙarami ba, irin wanda ke tayar da tsigar jiki. Wani dogo mai gashin dada, irin murɗaɗɗen nan mai kama da igiya, yana tsaye riƙe da makirfo dab da sifika, ko a jikinsa. Wallahi ban san lokacin da na yi tsalle na ƙetare wayoyi na murɗe sautin ba. Wurin ya yi tsit. Na juyo ina jiran godiya. Dogon ya dafe kai kamar an yi masa rasuwa. Sai wata siririyar mata mai ɗan kwali da tabarau ta fashe da dariya har da riƙe ciki.

“Malam Habu ke nan, ko ba a faɗa ba! Sannu da hanya. Bawan Allahn nan tun safe yake neman wannan muryar, yanzu ya same ta ka kashe.”

“Muryar me? Kuka fa take yi!”

“Shi ne kiɗan.”

Na dube ta, na dubi dogon, na ƙara ƙanƙame buhuna.

A gidan mahaifiyarta aka sauke ni, cikin Zango. Nan kam kamar gida, kiran salla ta ko'ina, ana gaisawa da Hausa, sai dai Hausar tasu ta sha ruwan teku. Da safe koko da ƙosai, kuma har waɗanda ba Hausawa ba kokon Hausa suke ce masa, abin ya yi mini daɗi. Shinkafa da wake suna dafa ta da karan dafi ta yi ja, a zuba mata taliya da gari da ƙwai da wani baƙin yaji mai kifi, duk a ganye ɗaya. Wannan na ci na ƙara. Amma dokunu, wani ƙullin masara mai tsami da suke ji da shi, loma ɗaya na kai na tuna da tuwon gidanmu. Tsohuwar ta ce in daure, baƙo ba ya raina abincin gari. Na daure, hawaye na zuba saboda yaji.

Da yamma Memuna ta mai da ni siton ta ce in ji abin da ta yi da kiɗan Baba. Teburinta cike da akwatuna masu maɓallai, wayoyi sun cakuɗe kamar taliya. Ta danna wani abu. Na jira in ji garaya, ban ji ba. Wani gurnani na ji daga ƙasa, kamar babbar mota tana hawa tudu daga nesa. Sai wani sauti kamar ruwan sama a kan kwano. Sai tari, tarin Baba, yana dawowa yana dawowa. Raina ya ɓaci.

“Malama, wannan ai kin yanka shi ne gunduwa-gunduwa kamar naman Salla. Ina kiɗan? Mutum ya yi shekaru yana gwaninta, tarinsa kika ga dama?”

Ba ta yi fushi ba. Ta ce in zauna in rufe ido, ta sake sawa. Ta ce gurnanin nan injin niƙan maƙwabtansa ne ta ja shi ya yi tsawo. Ruwan saman kuma zuzar ƙarfen garayar ce, ta buɗe ta yadda kowane zobe zai yi magana shi kaɗai. Ta ce ita abin da ya sa ta neme shi ke nan, duk wanda ya aiko mata da kiɗan gargajiya sai ya goge zuzar, shi kaɗai ya bar tasa. Na kasa kunne. Can ƙarƙashin ruwan na tsinkayi tsirkiya tana tahowa a hankali, kiɗan fitar farauta, wanda ya koya mini. Na tuna miya da daddawa.

Duk da haka ban kwance buhun ba. Na gaya mata alkawarin da na yi wa Iya. Na ce ita na yarda da ita, amma mutanen da za su zo fa? Ni na ga garin da ake rawa a gidan mutuwa, me zai hana su yi dariya a gidan kiɗa? Ta ce, “Gobe ka zauna a gefena da buhunka. Ka duba fuskokinsu da idonka. In ba ka gamsu ba, ba mai ce maka komai.”

Washegari bayan La'asar aka yi taron. Na biya na gayyato Hajiya Balaraba, ta ce za ta zo ta ga abin da ya sa ɗan Rano ya ƙetare ƙasa uku da buhun gyaɗa. Ta ci ado, ta yi canjin sababbin kuɗi na liƙi, ƙamshinta na riga ta shiga wuri. A bakin ƙofa aka ce mu cire takalma. Ciki an rufe tagogi da baƙin yadi, an shimfiɗa tabarmi bango zuwa bango, kuma sun cika maƙil. Matasa, dattawa, Turawa, baƙaƙe, wasu sun tanƙwashe ƙafa, wasu sun sunkuyar da kai. Ba mai talla, ba mai waya a kunne, ba mai ko tari. Hajiya ta ja birki ta kamo hannun rigata, ta yi abin da take kira raɗa, wanda rabin ɗakin ya ji.

“Kai Habu, wa ya mutu?”

Na buɗe baki zan ce ba kowa, sai maganar ta tsaya. Na dubi tabarmin nan da suka cika, na tuna na ƙofar gidan Baba. Na ce, “Hajiya, Baba Jatau ne.”

Dogon mai dada ya fara da kukan sifikarsa. Da na zauna na saurara ba da niyyar gyara ba, sai na ji ashe lanƙwasa shi yake, ya ɗaga shi, ya sauke shi, kamar mai busa sarewa. Wata yarinya ta biyo da sautin kasuwar kifi da ta ɗauko ta jujjuya. Ban gane duka ba, kuma ba zan yi muku ƙarya in ce duka ya yi mini daɗi ba. Amma ban taɓa sanin ana iya ɗaukar ƙarar da kowa ke gudu a yi mata riga ba.

Sai Memuna ta tashi. Ta yi magana da Turanci, ta maimaita da Hausa. Ta ce akwai wani dattijo a wani gari da ake kira Nariya, ya ɗinka riga don ya zo nan, Allah bai nufa ba. Ta danna maɓalli. Gurnanin ya taso, ruwan ya sauko, sai tarin. Nan na zuba ido, don na san in za a yi dariya a nan za a yi. Na bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya ina neman haƙori. Ban ga ko ɗaya ba. Wani tsoho mai furfura a gaba ya cire tabarau yana share ido. Wata ta dafe ƙirji. Mutanen da ba su san Kibiya a taswira ba sun yi wa Baba zaman da garinsu bai yi masa ba.

Na kwance igiyar. Na zaro garayar gaba ɗayanta, karo na farko tun da ta bar Nariya. Memuna ta turo mini makirfo da ƙafa. Na jira har tsirkiyar Baba ta ɓullo daga cikin na'ura, na amsa mata. Shi ya kaɗa, ni in amsa, kamar yadda muke yi a gindin tsamiya in yana cikin nishaɗi. Ni ba gwani ba ne, kiɗa ɗaya na iya, amma ranar yatsuna ba su yi mini gardama ba.

Ina cikin yi na matsa kusa da sifika ban sani ba. Sai ta fara. Siririn kukan nan ya taso, jikina duka ya ce ja da baya. Na ɗaga ido, dogon yana girgiza mini kai, yana nuni da hannu in tsaya inda nake. Jama'a, ni Habu Sifika, da ban taɓa barin sifika ta yi kuka a gabana ba, ranar na bar ta. Kukan ya hau kan zuzar ƙarfen, suka murɗe wuri ɗaya, ya cika siton har rufi. Na ce yi, yi mana duka. Ni ma hawayen ne ke sauka a kan fatar garayar, ban tsaya sharewa ba.

Da muka tsaya, shiru. Ba tafi, ba liƙi, ba motsi. A Rano in ka gama kiɗa aka yi irin wannan shirun, ka tattara wayoyinka ka bi ta bayan gida. Na ce shi ke nan, na kunyata Baba, na karya alkawarin Iya. Har na miƙa hannu zan jawo buhun.

Sai Hajiya Balaraba ta miƙe, ta kama hanci ta rangaɗa guɗa. Irin ta Fagge, mai tsawo, wadda ba ta bukatar makirfo. Kamar jira suke. Ɗakin ya tashi gaba ɗaya, tafi, ihu, buga ƙafa, har ƙura na zubowa daga rufi. Ashe su al'adarsu sai sautin ƙarshe ya gama mutuwa a kunne kafin a taɓa hannu. Hajiya ta ratso tabarmi ta manna mini kuɗi a goshi, Turawa suka ga abin ya ba su sha'awa suka biyo layi, wasu ba su san yadda ake yi ba suna ɗora mini a kan hula. Memuna ta kama makirfo ta kira sunan Baba Jatau, ɗakin ya amsa, suna karya sunan yadda harshensu ya iya. Tsohon mai furfura ya zo ya durƙusa ya roƙi in bar shi ya taɓa zobban da yatsa. Na bar shi.

Dawowa ba ta yi mini tsawo ba, ko da yake tayarmu ta fashe bayan Lome, kuma Hajiya ta sa na yi mata kirarin da take bina tun daga iyaka. Ban kwana a Rano ba na wuce Nariya. Na tarar Iya Tabawa ta fita takaba, tana tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Na mayar da garayar cikin buhu na ɗaure, na ajiye a gabanta yadda ta ba ni. Maƙwabta suka taru, har da biyu daga cikin masu tsokanar Baba a kasuwa. Ta dubi ƙullin igiyar ta gane ba nata ba ne.

“Ka fito da ita.”

“Na fito da ita, Iya.”

Na kunna mata bidiyon taron da Memuna ta tura mini a waya. Idonta ba ya gani sosai, sai ta kara a kunne. Ta ji gurnani, ta ji ruwa, ta yamutsa fuska.

“Ina mutanen? Ba kowa ne?”

Ɗaya daga cikin 'yan kasuwar ya leƙa ya ce, “Iya, wallahi sun fi masallacin Juma'a cika. Shiru suka yi.”

“Shiru? Don Malam?”

Sai ga tarin. Ta ɗago kai da sauri kamar za ta amsa kira daga ɗaki. Ta yi 'yar dariya, hawaye na bin kumatunta.

“Allah ya jiƙanka, Malam. Na yi na yi ka sha maganin tarin nan ka ƙi, ga shi ka kai shi har bakin teku.”

Ba ta sauke wayar ba har guɗar Hajiya, har tafin, har inda suke kiran sunansa. Ta sa na maimaita mata wurin sunan. Sannan ta jawo buhun ta kwance da kanta, ta zaro garayar, ta shafa fatar, ta kaɗa zobban da yatsa, ta miƙo mini. Na ce ai amana ce na dawo da ita.

“Na karɓa, kuma na ba ka. Rataya ta a kafaɗa ka bi ta cikin kasuwa kowa ya gani.”

Na miƙa hannu zan ɗauki buhun, ta take shi da ƙafa.

“Wannan bar mini shi. Gyaɗa zan zuba.”